Sitacin dankali a bokitin sabulu: littafin aikina na ɗakin gwaji, Jos

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau na buɗe wannan littafi. Malam mai duba aikina ya ce duk abin da ban rubuta ranar da na yi shi ba, in ɗauka ban yi shi ba, don haka na sayi littafi mai bangon kwali na ajiye shi kusa da sikeli.

Asalin aikin daga tsakar gidan Gwaggona ya fito. Shekara da shekaru tana haɗa sabulun ruwa a Unguwar Rogo, tana ɗurawa a gorunan ruwa, masu sayar da abinci da matan unguwa suna saye. Kayan haɗinta na san su tun ina sakandare: salfonik, Texapon, kostik soda, soda ash, antisol mai sa kauri, kala da turare. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, ko su ko abin da ake yin su da shi, shi ya sa duk ranar da dala ta motsa sai bokitinta ya ji a jikinsa. Tambayar da na kai wa Malam ita ce: akwai abin da za mu iya yi da amfanin gonar Filato wanda zai ɗauki wani kaso na aikin salfonik?

Salfonik da Texapon duka safaktan ne, wato sinadarai masu kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana gudun ruwa tana neman mai. Idan suka haɗu da maiƙon tukunya, wutsiyoyin su nutse cikin maiƙon, kawunan su tsaya a ruwa, sai maiƙon ya rabu da tukunya ya bi ruwan ɗauraya. Ana ce musu aniyonik saboda kan yana ɗauke da cajin negatif. Nawa zai bambanta da su wajen siffa. Maimakon ƙwaya ɗaya mai kai ɗaya da wutsiya ɗaya, doguwar sarƙar polima nake so, kamar igiyar shanya, a rataya mata kawuna masu caji da yawa da 'yan wutsiyoyi jefi-jefi. Igiyar kuwa sitacin dankalin turawa ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na je Farin Gada da sassafe. Ban nemi manyan dankali ba, na ce a ba ni ƙananan da waɗanda fartanya ta sara, irin da ake warewa gefe. Mai dankalin ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan ai ba na baƙi ba ne." Na ce masa na gwaji ne. Na Bokkos ne, in ji shi. Kilo 10 na saya.

Fitar da sitaci aikin da kowace mai yin koko ta sani ne. Na fere, na markaɗa, na tace da ƙyallen tatar koko, na bar shi ya kwanta kamar gasara, na tsiyaye ruwan sama, na sake wankewa har sau huɗu. Bambancin kawai, na zuba ɗan sodiyam metabaisalfait a ruwan farko, domin dankali da zarar ya sha iska yake fara yin baƙi. Ban shanya a waje ba saboda ƙurar hunturu ta fara sauka. A oban na busar, digiri 40, kwana biyu saboda ɗauke wuta. Na samu kilo 1 da giram 200 da 'yan kai, fari sol, yana ƙara a tsakanin yatsu idan an murza shi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Matakin farko shi ne ɗora kawuna masu caji. Ana jiƙa sitacin cikin aisofurofanol mai ɗan ruwa kaɗan, a zuba kostik soda ta farkar da shi, sannan a kawo sodiyam monokuloro-asitet, a riƙe zafi wajen digiri 50 na awa 3. Wannan sinadari na ƙarshe guba ne, ba na taɓa kwalbarsa sai da safar hannu da gilashin ido, kuma a cikin akwatin zuƙe hayaƙi nake auna shi.

Gwajin ranar Juma'a ya lalace. Minti 20 da fara ɗumama, farin garin da ke yawo cikin filas ya haɗe wuri guda, ya zama curi mai yauƙi, maburgin maganaɗisu ya maƙale a ciki ya daina juyawa. Baba mai kula da ɗakin gwaji ya leƙo, ya ɗaga filas ɗin ya duba ta hasken taga, ya ce, "Malama, ruwanki ne ya yi yawa. Tuwo kika tuƙa." Gaskiyarsa. Na narkar da kostik ɗin a ruwa mai yawa don ta yi saurin narkewa, na manta cewa kostik tana sa sitaci ya dahu tun zafi bai kai inda ya saba dahuwa ba. Duk hikimar sa aisofurofanol ita ce ƙwayar sitacin ta ɗan kumbura, sinadari ya shiga, amma kada ta fashe.

Jiya na sake, ruwa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ya tsaya a gari har ƙarshe. Na kashe ragowar kostik da asid ɗin asitik, na yi ta wankewa da itanol mai kashi 80 har ruwan wankin ya daina yin fari da silba naitiret, alamar gishirin da aikin ya haifar ya fita. Da na barbaɗa ɗan garin a ruwan sanyi, sai ya narke ya yi kauri garai-garai ba tare da wuta ba. Ɗanyen sitaci ba ya yin haka, ƙasa yake komawa ya kwanta.

Litinin, 9 ga Disamba

Makon awo. Kowace ƙwayar gulukos a sarƙar sitaci tana da gurbi 3 da za a iya rataya wa abu, don haka mizanin da ake kira DS daga 0 yake tashi ya tsaya a 3. Na mai da garin zuwa siffarsa ta asid, na narkar da shi cikin kostik da na san ƙarfinta, na auna ragowar da asid ɗin HCl. Kashin farko ya ba ni 0.21. Na ƙara yawan sinadarin, na raba zuba shi gida biyu, kashi na uku ya ba ni 0.44. Wato kusan gulukos 4 cikin kowane 10 sun samu kai mai caji. Malam ya ce ya isa, kada in bi lamba in ƙone kuɗin sinadari, domin wani kaso nasa ko ya aka yi kostik ce ke cinye shi ya zama gilaikolet, wanda ba ya amfanar da mu da komai.

Talata, 17 ga Disamba

Yanzu wutsiya. Abin da na yi a baya ya ba ni polima mai caji, mai son ruwa daga farko har ƙarshe, amma ba shi da abin kama mai. Na zaɓi oktenil saksinik anhaidiraid, wanda muke taƙaitawa OSA. Ba sabon abu ba ne: Caldwell da Wurzburg sun yi rajistar wannan hanya a Amurka tun 1953, kuma sitacin da aka gyara da shi yana cikin kayan abinci da lambar E1450, inda doka ta tsayar da OSA ɗin a kashi 3 cikin 100 na nauyin sitaci. Kyawunsa shi ne jifa ɗaya tsuntsu biyu: idan zobensa ya buɗe ya kama sitaci, yana kawo wutsiya mai kabon 8, yana kuma barin wani kan mai caji.

Aikin ba wuya gare shi ba, tsayuwa gare shi. Dole pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga asid ko ga kostik, ya zauna tsakanin 8 da 9. Duk ɗigon OSA da ya shiga, pH ya gangara, ni kuma in ɗiga kostik mai rauni daga buret in dawo da shi. Idan na yi sake ya faɗi, aikin ya tsaya. Idan hannuna ya yi nauyi ya haura 10, abin da na ɗaura ya kwance. Awa huɗu na yi a tsaye, ido a kan mita, zafi a digiri 35. Sallar azahar ma sai da Baba ya karɓe ni na je na dawo.

Dalilin da ya sa na fara da kawuna kafin wutsiya yana nan. Kawunan da ƙullin da ake kira ether suke ɗaure, kostik ba ta iya masa. Wutsiyar kuwa da ƙullin esta take ɗaure, wanda kostik mai ƙarfi take tsinkewa. Da na juya tsarin, matakin na biyu zai share na farko.

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Na dawo daga hutu na tarar da abin da sai a Jos. Kwalbar SDS, wato safaktan ɗin da nake auna nawa da shi, na bar ta garai-garai, na same ta cike da fararen allurai sun kwanta a gindi. Da farko na zaci wani ya gurɓata min ita. Ma'aunin zafin da ke bango yana nuna 14 da ƙarfe takwas na safe. SDS yana da iyakar sanyi wajen digiri 16, abin da ake kira ma'aunin Krafft. Ƙasa da nan ba ya iya zama a narke, sai ya daskare ya koma allurai. Na rungume kwalbar cikin ruwan ɗumi, minti goma ta washe. Kwalbar nawa da ke gefenta ko gezau. Sarƙar ba ta da tsarin da za ta jeru ta daskare. Gwaggo ta sha gaya min cewa sabulunta yana yin gajimare a watan sanyi, masu saye su ce ya lalace. Yau na ga irin abin da take nufi da idona.

Daga yau duk awo cikin bahon ruwa mai digiri 25 zan yi shi.

Ba mu da na'urar zoben du Noüy, don haka da ƙirgen ɗigo nake auna ƙarfin fatar ruwa, wannan ɗaurin da ke sa ƙwaro ya yi tafiya a saman kududdufi bai nutse ba. Bututu ne mai alama biyu. A cika shi, a ƙirga ɗigo nawa ruwan zai yi kafin ya sauka daga alama zuwa alama. Ruwa zalla fatarsa tana da ƙarfi, 72 a ma'aunin miliniyutan kan mita, ɗigonsa manya ne, na ƙirga 40. SDS ya ba ni 75, wato wajen 38, daidai da abin da aka sani. Wannan ya kwantar min da hankali cewa bututun da idona suna aiki. Sitacin da ba shi da wutsiya ya ba ni 41, kusan ruwa ke nan. Mai wutsiya ya ba ni 52, wato wajen 55.

Ya motsa, amma ko rabin hanyar SDS da ƙyar ya kai. Na lura da wani abu kuma: idan na matse bakin bututun ɗigon ya riƙa fita a hankali, lambar tana ƙaruwa da biyu ko uku. Ƙaramar ƙwaya kamar SDS nan take take isa saman ɗigo. Doguwar sarƙa sai ta ja jiki, ta isa, ta juya wutsiyoyinta waje, kafin nan ɗigon ya faɗi.

Laraba, 22 ga Janairu

Mako mara daɗi. Kumfa babu. Gwajin auna kumfa na Ross da Miles na 1941 yana son a sako mililita 200 daga tsayin santimita 90, ba mu da bututunsa, sai na yi na girgizawa a silinda mai murfi, sau 20 kowanne. SDS ya cika silinda har wuya. Nawa ya yi 'yar kumfa kamar ta saman fura, ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Gwajin shuɗin metilin, na gano safaktan mai cajin negatif, ma bai nuna komai ba, launin ya ƙi sauka cikin kulorofom. Na kwana da damuwa, har na fara tunanin ko cajin ma babu. Da safe Malam ya ce, "Wa ya ce miki wannan gwajin naki ne? Na masu salfonet da salfet ne. Ko sabulun gargajiya ba ya amsa shi, kuma kansa irin naki ne." Ya sa na ɗiga CTAB, safaktan mai cajin fozitif, a cikin ruwan nawa. Nan take ya yi fari ya tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Caji yana nan.

Na kuma bi SDS da mitar lantarki don ganin inda yake fara taruwa curi-curi. Layin ya karye wajen giram 2.4 a lita, wato milimola 8.2 da littattafai suke faɗa. Nawa layinsa bai karye a ko'ina ba, lanƙwasa kawai yake yi a hankali, saboda wutsiyoyin sarƙa ɗaya suna iya haɗa kai a tsakaninsu ba sai sun jira maƙwabta ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau ce ranar da na fahimci abin da na haɗa.

Na jera kwalabe huɗu, kowace da man gyaɗa da ruwa rabi da rabi: ta farko ruwa zalla, ta biyu SDS, ta uku nawa, ta huɗu ƙaro da na sayo a kasuwa na jiƙa na tace. Na kaɗa kowace minti biyu na ajiye. Ta ruwa zalla ta rabu kafin in wanke hannu. Bayan awa 24, ta SDS ta yi kirim a sama, ruwa ya tsatso a ƙasa. Bayan mako guda mai ya fara fitowa fili a samanta. Tawa da ta ƙaro suna nan fari kamar nono, tawa ma ta fi kauri. Ƙaramin safaktan yana hawa kan ɗigon mai yana sauka, kullum cikin kai da komo. Polima idan ta kama ɗigo da wutsiya goma a lokaci guda, ba ta sakinsa, kuma sauran sarƙar tana lulluɓe shi da bargo mai caji wanda ke hana ɗigo biyu haɗuwa. Kaurin da take ba ruwan ma yana taimakawa, wannan dole in rubuta shi don kada in ba wutsiya ladan da ba nata kaɗai ba.

Ba da ka na sa ƙaro cikin jerin ba. Muna yara a makarantar allo, mun ga yadda ake haɗa tawada: baƙin tukunya ko gawayi a daka, a zuba ƙaro, a dafa. In babu ƙaro, baƙin ƙasa yake kwanciya, alƙalami ya ɗebo ruwa. Ƙaro shi ne ke riƙe shi a rataye. Sai da na shiga jami'a na san cewa ƙaron nan da ake tsinka a dazukan Yobe da Borno da Jigawa polima ne mai cajin negatif, da ɗan furotin a jikinsa mai kama mai, kuma masu lemon kwalba na duniya suna sayensa don ya riƙe musu man ƙanshi cikin ruwa. Sitacin OSA ma gurbin ƙaro yake cikewa a wannan sana'a. Ashe abin da nake ta faman haɗawa wata uku ɗan'uwan abin da ke cikin kurtun tawadar malaminmu ne.

Sai na yi gwajin tawadar da kanta. Na kankaro baƙin tukunya na niƙa, na zuba daidai wa daida a bika uku, na jefa farin ƙyallen auduga a kowace, na juya minti 15. A ruwan na sa kalsiyam kulorayid har nauyinsa ya kai miligiram 300 a lita, domin ruwanmu na Jos daga duwatsun giranait yake fitowa, ba shi da nauyi, wato kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, alhali sabulu ba a Jos kaɗai za a yi wanki da shi ba. Ƙyallen ruwa zalla ya fito toka-toka. Na salfonik kaɗai ya fi shi haske, amma ruwan ya yi gajimare saboda kalsiyam ya kama wani kaso na salfonik ɗin. Na salfonik da aka rage aka cike da nawa shi ya fi kowanne fari, ruwan da ya bari kuwa baƙi ƙirin, dattin yana rataye bai koma kan ƙyalle ba. Na liƙa ƙyallayen uku a wannan shafi.

Na daina neman abin da zai kori salfonik daga bokiti. Shi ya iya ɓamɓaro datti, nawa ya iya riƙe shi. Abin da zan auna yanzu shi ne nawa za a rage.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Makonni biyu da suka wuce na kai wa Gwaggo garin, muka zuba a ƙaramin bokiti bisa haɗinta na kullum. Ranar farko lafiya lau. Shekaranjiya na ɗebo na sake gwajin man gyaɗa, ya rabu cikin kwana ɗaya. Na tsoma takardar pH, ta nuna sama da 11. Gwaggo da murfin gora take auna kostik, kuma takan ƙara kaɗan don a cewarta sabulu ya yi ƙarfi. Abin da na rubuta da hannuna ranar 17 ga Disamba shi ne ya faru: kostik ta bi wutsiyoyin ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Laifina ne, ban auna bokitin ba kafin in zuba.

Sakamakon FTIR, gwajin haske mai nuna irin ƙullin da ke jikin sinadari, da na aika Zariya ya iso yau, ya tabbatar. Sabon garin yana da manyan alamun kaboksilet wajen 1600 da 1420, da 'yar ƙaramar kafaɗa wajen 1725, wadda ita ce estar wutsiya. Wanda na tsamo daga bokitin Gwaggo na wanke da itanol, manyan biyun suna nan, kafaɗar ta ɓace.

Wani abu kuma: gishirin da take zubawa don Texapon ya yi kauri, nawa tsinka shi yake yi. Gishiri yana rufe cajin, sarƙar ta daina miƙewa ta naɗe.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya sa na koma aikin safe, daga bakwai zuwa azahar.

Ranar Asabar na koma Unguwar Rogo da takardun pH da ƙaramin sikeli. Muka kashe salfonik da kostik a hankali har takarda ta tsaya a 8, muka bari ya huce, sannan nawa ya shiga a ƙarshe. Ba antisol, ba gishiri, salfonik kuma mun rage kashi ɗaya cikin huɗu. Gwaggo ta ɗauko tukunyar miyar man ja ta jiya, ta wanke, ta ɗauraye, ta goga yatsa a ciki har ya yi ƙara. Ta daɗe tana duban ruwan wankin. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, fita kam ya fita. Amma mai tuwo-tuwo idan ta matsa soso ba ta ga kumfa ta taso ba, cewa za ta yi na tsinka da ruwa."

Ban yi mata gardama ba, ita ta san masu sayenta. Mun yi shawara a bar Texapon yadda yake, tunda shi ne mai kumfar, ragin ya tsaya a kan salfonik da antisol. Ta ware gora shida za ta ba mutum uku da suka fi yawan saye, ba tare da ta ce musu an canza komai ba, mu ji abin da za su faɗa da bakinsu.

Ni kuma na ajiye gora uku a ɗakin gwaji, ɗaya a kan tebur, ɗaya a oban mai digiri 40, ɗaya a firji. Duk Litinin zan auna pH da kauri da riƙon mai, in kuma duba ko ya fara wari, domin sitaci abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma ba na son in koma ga fomalin da wasu masu haɗi suke zubawa. Lissafin kuɗi ma yana jirana: aisofurofanol da itanol sun fi komai ci, sai na gwada tace su in sake amfani da su kafin in san ko kilo ɗaya na garin zai yi wa Gwaggo araha.

Malam ya kawo shawarar acca, saboda ƙwayar sitacinta ƙanana ce ƙwarai a kan ta dankali, OSA zai fi samun wurin kamawa. Na ba da sallahu a sayo min mudu biyu. Zan jiƙa ta ranar Alhamis.